John Laurens, Sojan da Majalisar Jiharsa Ta Kayar Sau Uku

A ranar 29 ga Maris, 1779, babbar majalisar da ke jagorantar yaƙin neman 'yancin Amurka, wadda ke zama a Philadelphia, ta zartar da wata shawara da ba a taɓa jin irinta daga bakinta ba. Ta nemi jihohin Carolina ta Kudu da Jojiya su ɗebi bayi baƙar fata 3,000 majiya ƙarfi, a ba su bindigogi su yaƙi Ingila. Majalisar ta ɗauki alkawarin biyan iyayengijinsu har dala 1,000 a kan kowane bawa. Shi kuwa bawan, in ya yi aiki da gaskiya har yaƙi ya ƙare ya kuma mayar da makaminsa, za a 'yanta shi, a ba shi dala 50. Amma an bar wata ƙofa a buɗe: ba za a yi komai ba sai in jihohin biyu sun ga dama.

Wanda ya yi ta naci har maganar ta kai nan saurayi ne ɗan shekara 24, John Laurens, dogarin Janar George Washington, kuma ɗan ɗaya daga cikin manyan dillalan bayi da aka taɓa yi a Amurka ta Arewa. Masu ba da labarinsa sun fi tsayawa a kan jarumtarsa da mutuwar ƙuruciya da ya yi. Ni kuwa kayen da ya sha a zauren majalisar jiharsa ya fi jan hankalina, domin a nan ne aka tilasta wa masu kiran 'yanci su zaɓa tsakanin cin yaƙi da riƙe bayinsu, kuma suka zaɓa ido na ganin ido.

Sai an san inda arzikin gidansu ya fito kafin a gane nauyin abin da ya nema. An haife shi a Charleston, babban birnin Carolina ta Kudu a lokacin, ranar 28 ga Oktoba, 1754. Mahaifinsa, Henry Laurens, shi da abokin kasuwancinsa George Austin suna da kamfanin da ya sayar da 'yan Afirka fiye da 8,000 a shekarun 1750 kaɗai. Wani ɓangare na mutanen nan daga tsibirin Bunce ake lodo su, a cikin kogin Saliyo, inda wani attajiri ɗan Sikotilan mai suna Richard Oswald da abokansa ke da sansanin tara bayi. Henry ne wakilinsu a Charleston: jirgi ya iso, ya yi gwanjon mutanen, ya cire la'adarsa, ya aika da sauran Landan. Masu gandayen Carolina suna son bayin wannan yanki na Afirka ta Yamma don sun iya noman shinkafa a fadama, shinkafa da baba kuwa su ne ƙashin bayan arzikin jihar. Da kuɗi suka taru, Henry ya sayi gandaye na kansa, mafi shahara cikinsu shi ne Mepkin a bakin kogin Cooper.

Akwai wani abu kuma da ya bambanta Carolina ta Kudu da sauran yankuna. Tun farkon ƙarni na 18 baƙaƙe sun fi Turawa yawa a cikinta, a ƙasar shinkafa ta bakin teku kuwa ratar ta yi nisa ƙwarai. A watan Satumba na 1739 wasu bayi suka fasa wani shago kusa da kogin Stono, suka kwashi bindigogi, suka nufi Florida da ke hannun Sifaniyawa, suka kashe Turawa fiye da 20 kafin a murƙushe su. Shekara na zagayowa aka kafa doka mai tsanani da ta hana bayi taro, da kaɗa ganga, da koyon rubutu. Duk Baturen da ya girma a Carolina da wannan tsoro aka yaye shi: baƙin mutum riƙe da bindiga.

John bai yi samartakarsa cikin wannan iska ba. Bayan rasuwar mahaifiyarsa a 1770, uban ya kai shi Turai. Ya yi karatu a Geneva daga 1772 zuwa 1774, sannan ya koma Landan karatun lauya, ko da yake ransa ya fi kwantawa da likitanci da kimiyya. A can ya yi cuɗanya da masu sukar bauta, kuma tun 1776 ya rubuta wa wani abokinsa cewa mutanen kudancin Amurka ba su da bakin neman 'yanci sai sun 'yanta bayinsu. Ya ƙara da wata magana da ba kasafai ake jinta daga ɗan mai gandu ba: idan bayi sun zama kamar ba su cancanci 'yanci ba, to Turawa ne suka durƙusar da su har suka kai haka, ba halitta ba ce. Albasa dai ba ta yi halin ruwa ba. Sai dai shi ma uban ba dutse ba ne. A watan Agusta na shekarar ya rubuta wa ɗan nasa cewa yana ƙyamar bauta, yana kuma neman hanyar 'yanta da yawa daga cikin bayinsa. Maganar ba ta wuce takarda ba.

A ƙarshen 1776 John ya auri Martha Manning a Landan, ya bar ta da ciki ya kama hanyar gida. 'Yar da ta haifa, Frances, bai taɓa sa ta a ido ba har ya bar duniya. A watan Agusta na 1777 ya shiga cikin hadiman Washington a matsayin ɗan sa-kai, inda iya Faransancinsa ya yi rana, inda kuma ya ƙulla abota da Alexander Hamilton, wani hadimin Washington, da Lafayette, hafsa ɗan Faransa. Yadda yake yaƙi sai da ya tsorata abokansa. Bayan gwabzawar Brandywine, Lafayette ya ce ba laifin Laurens ba ne da bai mutu ko ya ji rauni ba, don duk abin da ke jawo ɗayan biyun ya yi shi. A Germantown ya yi ƙoƙarin cinna wa ƙofar wani gidan dutse wuta alhali sojan Ingila na harbi daga ciki, harsashi ya same shi a kafaɗa. A Monmouth an harbe dokin da yake kai. A watan Disamba na 1778 ya kira Janar Charles Lee fito-na-fito da ƙaramar bindiga saboda ya ci mutuncin Washington, ya kuma ji masa rauni a kwiɓi. Wannan hali na neman suna ko da rai ne fansarsa ba ya rabuwa da labarinsa, kuma yana da hannu a shirin da ya zo da shi.

A sansanin Valley Forge, cikin hunturun farkon 1778, lokacin da sanyi da yunwa da cuta ke cin rundunar, ya rubuta wa mahaifinsa, wanda a lokacin shi ne shugaban babbar majalisa. Ya roƙe shi ya ba shi gādonsa tun yanzu, amma ba kuɗi ba, bayi maza kimanin 40, ya horar da su soja, ya jagorance su, a ƙarshe su zama 'ya'ya. Henry ya amsa da irin hujjojin da masu bayi suka saba: ai sun saba da halin da suke ciki, ba za su yarda su bar gida su tafi inda za a harbe su ba. John ya mayar masa da cewa mutumin da aka tattake ba ya rasa son 'yanci, danne shi kawai aka yi. Uban ya ja masa kunne cewa mutane za su yi masa dariya, sai ya yi shiru na ɗan lokaci. A daidai wannan lokaci jihar Rhode Island ta kafa dokar karɓar bayi cikin soja a kan alkawarin 'yanci, kuma John ya ga waɗannan sojoji a fagen daga a watan Agusta na shekarar. Amma bayin Rhode Island 'yan kaɗan ne. Abin da za a iya yi a can ba tare da an girgiza kowa ba, a Carolina tushen dukiya yake taɓawa.

Yaƙi ne ya farfaɗo da maganar. Ingila ta juya akalarta kudu, Savannah, babban birnin Jojiya a lokacin, ta faɗi a ƙarshen Disamba na 1778, Carolina ta Kudu ta zama ita ce gaba. Gwamna John Rutledge ya aika Daniel Huger Philadelphia neman agaji, kuma bayanin da ya kai shi ne ainihin matsalar: jihar ba ta iya tara mayaƙa, domin dole Turawa da yawa su zauna gida suna gadin bayinsu kada su yi bore ko su gudu wurin abokan gaba. Wato bautar da ta azurta jihar ita ce ta ɗaure mata hannu ranar yaƙi. Babbar majalisa ba ta da sojan da za ta aika. Lissafin Laurens kuwa a bayyane yake: ga dubban maza majiya ƙarfi, sun san fadamun, jikinsu ya fi na sojan arewa jure zazzaɓin yankin, kuma in ba a ja su ba Ingila za ta ja su.

Hamilton ya mara masa baya da wata wasiƙa ga John Jay, shugaban majalisa na lokacin, ranar 14 ga Maris, 1779. Ya ce ga dukkan alamu basirar baƙaƙe daidai take da ta Turawa, renin da aka koya wa Turawa ne ke sa su ƙaga abubuwan da hankali bai tabbatar ba, kuma dole a haɗa musu bindiga da 'yanci tare. Ya kuma yi hasashen cewa son zuciya da son dukiya za su tsaya a hanya. Washington kuwa, wanda shi ma mai bayi ne, ya yi sanyi-sanyi. Ya rubuta wa Henry Laurens cewa in aka fara, Ingila ma za ta yi, a shiga tseren wa ya fi saurin raba makamai, sannan 'yanta wasu zai sa bauta ta ƙara ɗaci ga waɗanda aka bari. Wannan hujja ta biyu ita ce mafi gaskiyar abin da aka faɗa a duk muhawarar, ko da yake don a hana shirin aka kawo ta. Washington ya gane cewa ba a 'yanta mutum 3,000 masu bindiga sauran su ci gaba da zama yadda suke.

Laurens ya karɓi muƙamin laftanar kanal, wanda ya ƙi karɓa a baya don kada manyansa a soja su ga an tsallake su, ya nufi gida da takardar majalisa. Ya isa ya tarar da Janar Prevost na Ingila ya doso. A bakin kogin Coosawhatchie an aike shi ya janyo wasu dakaru baya, shi kuwa ya tsallaka da su ya kai hari, aka ji masa rauni a hannu. Kwanaki kaɗan bayan haka, a watan Mayu, Prevost ya tsaya a ƙofar Charleston. A nan ne gwamna da majalisar mashawartansa suka yi abin da ya kamata duk mai nazarin wannan yaƙi ya tsaya a kansa: suka yi tayin cewa jihar za ta zama 'yar ba-ruwanmu har yaƙi ya ƙare, sannan yarjejeniyar sulhu ta yanke ko ta Ingila ce ko ta Amurka. Aka nemi Laurens ya kai saƙon, ya ce a gafarce shi, wannan kam ba zai kai ba. Prevost ya ƙi tayin, sannan ya janye da ya ji Janar Benjamin Lincoln na tafe da runduna. Birnin ya tsira, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Shugabannin da suka ga ba wa bayi makami abu ne da ba ya ko tattaunuwa sun nuna cewa fita daga yaƙin 'yancin gaba ɗaya abu ne da za su iya sa wa hannu.

An zaɓi Laurens ɗan majalisar wakilan jihar, ya gabatar da ƙudurin da kansa. David Ramsay, likita kuma ɗan majalisa da ya goyi bayansa, ya ba da labarin cewa ƙuri'a kusan 12 kawai ya samu, masu gandaye kuwa sun karɓe shi da firgici. Christopher Gadsden, wanda ke sahun gaba wajen zafin adawa da Ingila, ya ce shawarar ta ɓata musu rai ƙwarai, kuma mataki ne mai haɗari.

Me ya sa suka ƙi, alhali an ce za a biya su? Akwai dalilin da ya kamata a yi musu adalci a kansa: takardar kuɗin da babbar majalisa ke bugawa ta riga ta karye a 1779, dala 1,000 a baki ba dala 1,000 ba ce a kasuwa. Amma ko da zinariya aka kawo, ban ga alamar za su yarda ba. Gandun shinkafa ba ya da daraja sai da hannun da zai haƙa magudanan ruwa, ya gina madatsai, ya shiga laka ya yi shuka, ya daka. Bayi su ne jarin, su ne jinginar da ake karɓar bashi da ita wurin 'yan kasuwar Landan, su ne sadaki da gādo. Kuma waɗanda za a ɗiba su ne samari mafi ƙarfi. Sai tsoron Stono, wanda bai taɓa barin zukatansu ba. A ƙarƙashin waɗannan duka akwai abin da bai cika fitowa fili ba. An gina bautar Carolina a kan da'awar cewa baƙin mutum ba ya iya riƙe kansa. Ranar da bataliyar baƙaƙe ta tsaya gaban sojan Ingila ba ta gudu ba, wannan da'awa ta rushe a gaban kowa, har da bayin da ke kallo daga gona. Ba gazawar shirin suke tsoro ba, nasararsa suke tsoro.

Duk da haka bai kamata a ɗora Laurens inda bai kai ba. Shirinsa bai shafi mata da yara da tsofaffi ba. Mutum zai dawo daga yaƙi ɗa, matarsa da 'ya'yansa suna nan bayi, tunda a dokar yankin ɗa yana bin matsayin uwarsa ne. Diyyar ubangiji aka yi wa tanadi, wanda aka sace daga Afirka ko aka haifa a ƙangi dala 50 ce rabonsa, bayan ya sa ransa. Hafsoshin duk Turawa ne, babbansu kuwa shi Laurens ɗin, mai ƙishin suna, mai jefa dakarunsa inda bai kamata ba, kamar yadda aka gani a Coosawhatchie. Shi kansa yana da bawa mai yi masa hidima a sansani, Shrewsberry. 'Yancin da ya ce Allah ya ba kowa, a aikace ya mayar da shi lada da za a saya da jini. Wannan ciniki na bindiga a bakin 'yanci masu mulki sun sha yin sa duk lokacin da suka rasa soja. Haka John Glover, jami'in mulkin mallakar Ingila, ya yi a Legas a 1863, da ya tara rundunar da aka riƙa kira Hausawan Glover, wadda da yawa daga cikinta bayi ne da suka gudo. Abin da ya raba Laurens da irin waɗannan shi ne shi ya yarda bautar kanta zalunci ce, ya faɗa a rubuce, ya kuma ɗauki rundunar a matsayin matakin farko na kawar da ita. A Carolina ta 1779, wannan kaɗai ya isa a ware mutum.

Su kuwa bayin ba su zauna jiran ƙuri'ar kowa ba. Tun Nuwamba na 1775 gwamnan Ingila a Virginia, Lord Dunmore, ya yi shelar 'yanci ga bayin 'yan tawaye da suka zo suka ɗauki makami. A ƙarshen Yuni na 1779, wata uku bayan shawarar Philadelphia, Janar Henry Clinton ya faɗaɗa tayin ga duk bawan ɗan tawaye da ya tsallako, ko zai yi yaƙi ko ba zai yi ba. Dubbai suka gudu. Ba aljanna suka tarar ba: agana ta kashe da yawa a sansanoni, an sayar da wasu, bayin masu biyayya ga Sarkin Ingila kuwa tayin bai shafe su ba ko kaɗan. Ingila ba don tausayi ta yi ba, don ta karya tattalin arzikin 'yan tawaye ne. Amma ga wanda ke cikin ƙangi, ɓangare ɗaya ya buɗe ƙofa ko da ƙyar, ɗayan ya kaɗa ƙuri'a ya rufe tasa. Hasashen Hamilton ya tabbata.

Laurens ya sake gwadawa a 1780, aka sake kayar da shi. Ranar 12 ga Mayu na shekarar Charleston ta faɗi, Lincoln ya miƙa wuya da sojoji kimanin 5,000, asara mafi girma da Amurka ta yi a duk yaƙin. Ba wanda zai iya rantsuwa cewa bataliyoyin baƙaƙe da sun hana haka, amma ƙarancin mutane na cikin abin da ya ci birnin. Laurens na cikin fursunoni. Aka yi masa sakin talala zuwa Pennsylvania, aka yi musayarsa a watan Nuwamba. Kafin nan jiragen Ingila sun kama mahaifinsa a teku yana hanyar Holan neman rance, aka kulle shi a Hasumiyar Landan bisa zargin cin amanar ƙasa.

A watan Disamba babbar majalisa ta naɗa John manzo na musamman zuwa Faransa. Ya tashi a Fabrairu na 1781 tare da marubuci Thomas Paine. Benjamin Franklin, jakadan Amurka a Faransa, ya riga ya samo kyautar liba miliyan 6 ta kuɗin Faransa, Laurens kuwa da nacinsa, wanda ministan harkokin waje Vergennes bai ji daɗin salonsa ba, ya taimaka aka samu Faransa ta tsaya wa Amurka a kan rancen miliyan 10 daga Holan. Ya dawo Boston a watan Agusta da azurfa da kayan yaƙi, ya wuce Yorktown a Virginia, inda aka yi wa rundunar Ingila ƙawanya. Daren 14 ga Oktoba yana cikin waɗanda suka afka wa wata tungar sojan Ingila, mai lamba 10, tare da Hamilton, kuma shi ne ya wakilci Amurka wajen tsara sharuɗɗan miƙa wuyar Lord Cornwallis, kwamandan rundunar Ingila a can, wanda a kan takarda shi ne mai riƙe da sarautar Hasumiyar da uban ke tsare a ciki. Da Cornwallis ɗin aka yi musayar Henry daga baya. Matar John ta rasu a Faransa a ƙarshen shekarar.

Wani da irin wannan suna da ya zauna a Philadelphia ya jira muƙami. Shi kudu ya koma, domin Charleston na hannun Ingila har lokacin. Majalisar jihar ta zauna a ƙauyen Jacksonborough a farkon 1782, ya kawo ƙudurin karo na uku, kuma wannan karon ya cire musu hujjar asara: a ɗebi bayin daga gandayen masu biyayya ga Sarki da aka ƙwace, ba wanda zai rasa nasa. Janar Nathanael Greene, kwamandan rundunar kudu, ya goyi baya a rubuce. Aka sake kayar da shi. Ya rubuta wa Washington cewa kururuwar wani dodo mai kai uku ta danne muryar hankali, kawunan kuwa su ne ƙiyayyar jinsi, da haɗama, da ragwanci, ko da yake ƙuri'unsa sun ninka na baya. Washington ya amsa a watan Yuli cewa bai yi mamaki ba, ruhin sadaukarwa da aka fara yaƙin da shi ya daɗe da kwantawa, son kai ya maye gurbinsa.

Abin da majalisar ta yi a maimakon haka shi ya fi komai tona asiri. Ta amince a riƙa ba Baturen da ya shiga soja bawa a matsayin tukuici, daga cikin bayin nan da aka ƙwace, hanyar da Janar Thomas Sumter ya riga ya bi a 1781 wajen biyan dakarunsa. Mutanen da Laurens ya so su zama sojoji su ne aka mayar albashin soja. Da wannan ƙuri'a, hujjar ƙarancin kuɗi da ta rashin adalci ga mai dukiya duk sun faɗi. Abin da ya rage shi ne ba sa son ganin baƙin mutum ɗa kuma da makami, ko bawan waye shi.

Greene ya ba shi aikin tattara bayanan sirri a kewayen Charleston. A watan Agusta, yana kwance da zazzaɓi, ya ji sojan Ingila sun fito neman shinkafa a gandayen kogin Combahee. Ya tashi ya bi dakarun Janar Mordecai Gist. Da asubahin 27 ga Agusta, 1782, ya faɗa kwanton ɓauna, maimakon ya jira ƙarin mutane sai ya kai hari, aka harbe shi tun a ruwan wuta na farko. Shekararsa 27. Greene ya yi takaicin cewa a wata 'yar arangama da ba ta taka kara ta karya ba aka rasa shi. Yaƙin ya riga ya ƙare a zahiri, Ingila ta bar Charleston a watan Disamba.

Labarin rasuwar ya iske Henry a Ingila, sannan ya wuce Paris, inda ya isa a ƙurarren lokaci, ana shirin sa hannu a yarjejeniyar share fagen sulhu ta 30 ga Nuwamba, 1782. Gudummawar da ya bayar ita ce wani layi da aka cusa a sashe na 7: sojan Ingila za su fice ba tare da sun tafi da baƙaƙe ko wata dukiyar Amurkawa ba. Wakilin Ingila da ya amince da layin kuwa Richard Oswald ne, mai tsibirin Bunce, tsohon abokin cinikinsa, wanda ya tsaya masa beli lokacin da aka sake shi daga Hasumiya. Wata uku da binne ɗan da ya ƙare rayuwarsa yana neman a 'yanta bayi, uban ya rubuta su cikin jerin kaya a takardar da ta haifi ƙasar. Ina ganin wannan ya fi kowace wasiƙa bayyana inda Henry ya tsaya. Ya rasu a Mepkin a 1792 da bayi kusan 300.

Janar Guy Carleton, kwamandan Ingila a New York, ya ƙi mayar da waɗanda aka riga aka yi wa alkawarin 'yanci, duk da ƙorafin Washington. An rubuta sunayen kimanin 3,000 aka kwashe su a 1783, mafi yawa zuwa Nova Scotia a Kanada. Can ma an hana su filayen da aka alkawarta, ga wariya ga sanyi, har kusan 1,200 daga cikinsu suka tsallaka teku a 1792 suka kafa Freetown, a bakin kogin nan da tsibirin Bunce ke cikinsa. Adadin da babbar majalisa ta so a 'yanta ta hannun Amurka, kusan shi ne ya samu 'yanci a jiragen abokan gaba.

Carolina ta Kudu kuwa ta ci gaba a kan turbar da ta zaɓa. A taron tsara kundin mulki na 1787, John Rutledge ɗin nan da sauran wakilan jihar suka kafe sai an bar fataucin bayi daga Afirka, aka ba su har 1808. Tsakanin ƙarshen 1803 da 1807 an sauke 'yan Afirka kimanin 40,000 a Charleston. Ita ce jiha ta farko da ta ɓalle daga tarayya, ranar 20 ga Disamba, 1860, don kare bauta. A yaƙin basasar da ya biyo baya baƙaƙe kusan 180,000 suka sa kakin rundunar tarayya, kuma a watan Yuni na 1863 wata bataliyar tsofaffin bayin Carolina, tare da Harriet Tubman, baiwar da ta gudo ta koma kuɓutar da bayi, ta hau kogin Combahee ta kuɓutar da mutum fiye da 700 daga gandayen shinkafa. Sai a watan Maris na 1865, da komai ya riga ya lalace, majalisar 'yan awaren kudu ta yarda a ɗauki bayi soja, kuma ko a lokacin dokar ba ta yi musu alkawarin 'yanci ba. Ba a cika wata guda ba babban kwamandansu, Janar Robert Lee, ya miƙa wuya.